Takardu Uku, Yara Huɗu

Abin da na fara gani da na shiga buron goggona, wato ofishinta, shi ne ɗankwalinta. Shuɗin nan mai zanen ganye da na san ta da shi a gidajen suna, an shimfiɗa shi bisa wani abu kan tebur kamar an rufe kwanon baƙo. Da ta yaye sai ga kwamfuta. Ta ce ƙurar ɓawon gyaɗa ke shiga cikinta, kuma in ta lalace ita za a tambaya.

Shekarata goma sha huɗu lokacin, ina kwaleji a Gazawa. Babban hutu ya zo, damina ta zauna, baba ya ce in tafi Cadawa wajen ƙanwarsa in yi wata guda, ko bakina ya buɗe. A gida cewa ake sai an yi mani tambaya uku nake amsa ɗaya.

Goggo ita ce sakatariyar wata ƙungiya mai matsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli. Gida ne mai katanga a bakin gari, da rumfar suya, da ɗakin inji, da sito, sai ɗan buron nan mai taga ɗaya. Da can albashin ma'aikata yana cikin wani kaye, littafin rubutu mai baƙin bango, kowa da abin da aka yi magana da shi ranar da aka ɗauke shi. Masu tallafa wa ƙungiyar suka ce a bar wannan, a saka kowa cikin manhaja: aikinsa, matakinsa, albashinsa, da abin da yake samu bayan albashi. Ana jiran wanda zai zo daga Maradi ya tsara.

Satin farko ba ni da aikin yi. Goggo ta ba ni kujera kusa da taga ta ce in yi karatu, amma na kasa zama. In buɗe littafi, in rufe, in leƙa rumfar suya, in dawo in jera takardun da an riga an jera. Inji yana ta ƙugi. Ƙamshin gyaɗa ya kama mani hijabi har na daina jin shi. Daga tagar ana ganin ƙofar gida da wani dutse da mai gadi ke ɗora butarsa, to nan idona ya fi zama.

Kullum in rana ta take sai wata yarinya ta zo ƙofar da 'yar ƙwaryar fura a ka. Tsarata ce ko ta girme ni kaɗan, doguwa, siririya, tana taka ƙasa a hankali. Sai ɗaya daga cikin masu suya ta fito, wata Bafulatana mai tabon ƙuna a yatsu, ta karɓi ƙwaryar. Ba ta kallon yarinyar. Abin da take faɗi kawai, fuskarta wajen katanga, shi ne a gaida tsohuwa. Amma kafin ta juya sai ta kwance bakin zanenta ta aje ƙuli-ƙuli biyu bisa dutsen mai gadi, kamar mantuwa ta yi. Yarinyar kuma ba ta ɗauka sai matar ta ba da baya.

Kwana biyu na ɗauka 'yar aike ce. Rana ta uku mai gadi ya yi tuntuɓe da butarsa, suka yi dariya lokaci guda, na ga wushirya iri ɗaya a bakinsu, kuma kowace ta sa bayan hannun hagu ta rufe. Daga nan ban ƙara shakka ba, don ni ma 'yar fari ce. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. “Ke” take cewa, ko “waccan”, in kuma baƙi suka tambayi yaranta sai ta fara lissafi daga ƙanena. Ban taɓa jin haushi ba. Na san kwanon da take ɓoye mani ƙanzo.

Na kuma lura da idon yarinyar, farin ya yi rawaya-rawaya. Akwai wata a ajinmu mai ido haka, mai amosanin jini. In sanyin damina ya shigo sai ta yi sati ba ta zo lakol ba, ta dawo da tabon allura a bayan hannu.

Ranar Litinin mai kwamfuta ya iso, da jaka a baya da waya biyu a aljihu. Tun bai zauna ba ya ce kwana huɗu gare shi. Alhamis da hantsi zai rufe jerin sunayen ya aika, ya wuce Gidan Rumji inda wata ƙungiya ke jiran shi. Ya sa aka tara ma'aikata a rumfa, ya zana matakala mai hawa huɗu a bayan wani kwali. Ya ce kowane aiki da hawansa, kowane hawa kuma yana da gindi da kai: abin da sabon shiga zai fara da shi, da abin da ba a wuce shi komai daɗewar mutum. Shekarun aiki ne ke tura ka daga gindi zuwa kai.

Wuni guda aka yi ana ja. Matan da ke gaban wuta suka ce ba za a haɗa su hawa ɗaya da masu zama a inuwa suna ɓare gyaɗa ba. Masu ɓarewa suka miƙa yatsu a duba, suka ce inuwa ba ta hana farce cirewa. Hajiyar da ke shugabantar ƙungiyar ta raba gardamar da cewa hawa ɗaya ne, amma a yi wa masu suya ƙarin zafin wuta. Mai amalanke ya ce shi bai damu da hawa ba, a dai buɗe wa jakinsa shafi, don jakin ya riga mai sito fara aiki a gidan. Mai gadi, wani tsoho Babarbare, ya tambaya ina gurbin shayinsa da batirin fitila, da Hajiya ke ba shi daga jakarta. Mai kwamfuta ya duba ya ce babu. Tsohon ya ce to na'urar ba ta taɓa gadi ba. Dole aka buɗe wani gurbi aka sa mashi suna “sauran ƙari”, aka zuba shayi da batir da sabulun wata da kwalbar man da kowa ke tafiya da ita gida.

Da aka zo kan asusun magani kowa ya kasa kunne. Wannan sabo ne. Duk ma'aikacin da aka rubuta, shi da yaransa da ba su yi aure ba, in ciwo ya kai su gidan likita asusun ne zai ɗauki mafi yawan kuɗin. Amma sai wanda sunansa ke cikin jerin, kuma in an rufe ranar Alhamis ba a ƙara buɗewa sai baɗi. Aka ce kowa ya kawo takardun haihuwar yaransa gobe.

Nan na samu aiki. Goggo da yatsa biyu take bugawa, idonta ba ya barin madannai, don haka ni ke karanta mata takardu tana shigarwa, mai kwamfuta yana tsaye bayanta yana cewa nan, a'a nan. Ranar Talata mutane suka yi layi a ƙofar buro. Wasu takardun sun yi laushi kamar tsumma, wata ma gara ta ci rabin tambarin.

Da layi ya zo kan mai suyar nan, mai gadi ya leƙo ta taga.

“Bafillata, kin kawo takardun shanun ma? A rubuta su, su sha magani kyauta.”

“Bawana, koma ƙofa kar a sace ka a bar mu da asara,” ta ce, ba ta ko waiwaya ba.

Ta kwance wani ƙyalle, cikinsa leda, cikin ledar takardu uku a ninke. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya. Maza biyu da mace ɗaya, babban cikinsu shekararsa goma. Na juya ledar ko wata ta maƙale. Babu.

“Shi ke nan, Yaya?” in ji goggo. “Uku?”

Matar ta dubi ƙafafunta. “Su na kawo.”

Goggo ta danna, shafin ya wuce, ta kira na gaba. Ban ga laifinta ba. Ita a buro take cin abincin rana, bayanta ga taga, kuma shafi goma sha wani abu ke jiran ta, ga layin waya yana ɗaukewa yana dawowa. Ni kuwa na san abin da ya faru. Ta yaya yarinya kamata za ta tsoma baki a maganar 'yar farin babbar mace, a gabanta, a gaban baƙon namiji? Na riƙe takardar mutumin gaba har goggo ta ce ko barci nake.

Da yamma a gida na bi goggo madafa. Na ce “Goggo”, ta ce na'am, na ce ina gishiri. Na fita tsakar gida na dawo. Na sake cewa “Goggo”, ta juyo da ludayi a hannu, na ce ko in ɗebo ruwa. Ta ce randa cike take, kuma in zauna wuri ɗaya ina sa mata jiri. Na zauna. Na riƙa ce wa kaina wataƙila kuskure na yi, wataƙila 'yar 'yar'uwarta ce, wushirya ai tana bin dangi.

Laraba aka tashi da ruwa, irin mai yayyafi da iska mai sanyi. Rana ta take ba a gan ta ba, yarinyar ma ba ta zo ba. Duk da haka mai suyar ta fito ƙofa a lokacin da ta saba. Ta tsaya tana kallon hanya, ruwa yana jiƙa mata kafaɗa, hannunta bisa ƙullin bakin zane. Ta daɗe kafin ta koma. Can sai na ji ƙauri, na ji matan rumfa suna mata tsiya, wai yau Fulani sun ƙona gyaɗa, a cire mata ƙarin zafin wuta. Ba ta rama ba.

Mai gadi ya fi kowa sauƙin yi wa magana, don ba ya kallon mutum, tukunyar shayinsa yake kallo. Na tsuguna kusa da shi ƙarƙashin langa-langa na tambaye shi yarinyar mai fura. Ya ce ai 'yarta ce ta fari, tun yaye kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta, suna rugar da ke bayan fadama. Jiya da la'asar ciwon ya tashi, in ji masu kawo nono. Ya ce bara ma haka aka yi, sai da aka kai ta gidan likita a Agye, tunkiya biyu suka tafi wajen biya. Na ce mene ne sunanta. Ya ce kowa “ta tsohuwa” yake ce mata, sunan yanka kuwa sai dai kakar. Na ce to me ya sa bai faɗa a buro ba. Ya hura gawayi ya ce shi a zatonsa yaran da ke kwana ɗakin mutum ake rubutawa.

“Kuma maganar buro ce, jikata. Ni ƙofa aka ba ni.”

Mai kwamfuta ya manna wata takarda a bangon buro, ƙa'idojin asusun da Faransanci. Ba wanda ya karanta ta. Na tsaya gabanta na bi layi-layi da yatsa. An ce ɗan ma'aikaci, ba a ce inda yake kwana ba. An ce sunan ya zama daidai da na takardar haihuwa. Na karanta sau uku, har mai sito ya tambaya ko jarrabawa za a yi mani a kai. Na koma kujerata, na tashi, na je na sha ruwan da ba na jin ƙishinsa. Sau biyu na nufi rumfar suya. Na farko na tsaya a bakin rumfar na juyo. Na biyu na isa har kusa da kaskonta, ta ɗago ta dube ni, na ce sannu da aiki, Inna, ta ce yawwa, na dawo. A hanyar gida goggo tana ta lissafin shafukan da suka rage, ta ce kanta kamar zai tsage, kar wanda ya ƙara ce mata kwamfuta sai gobe. Na yi shiru, kuma na ji daɗin samun dalili. Wannan jin daɗin har yau ina kunyarsa.

Alhamis gari ya waye fes. Mai kwamfuta ya zo da jakarsa a ɗaure, ya ce motar Maradi ba ta jira, a bi shafuka ɗaya-ɗaya a duba, sannan ya rufe. Yana karantawa goggo tana amsawa. Mai inji, hawa na uku, yara biyar. Mai amalanke, hawa na ɗaya, ban da jaki. Ina jin suna matsowa. Na yagi gefen kayena, na rubuta da bik: Mai suya yaranta huɗu ne. Babbar tana wajen kaka, ba ta da lafiya. Da shafin ya bayyana na tura takardar ƙarƙashin hannun goggo.

Ta karanta. Ta dube ni, ta dubi allon, ta dafe goshi.

“'Yar fari,” ta ce a hankali. “Ni da na ga yadda uwar wannan ke yi da ita, na manta.”

Ta aika aka kira matar. Ta shigo tana goge hannu a zane. Goggo ta ba ta kujera, ta ƙi, ta tsuguna kusa da ƙofa. Goggo ta yi mata bayani da murya ƙasa-ƙasa, cewa ba sai yaro yana ɗakinka ba, duk wanda ka haifa yana da gurbi, kuma in ba a rubuta yau ba sai baɗi. Ba ta ce “'yarki” ba ko sau ɗaya, “yarinyar wajen tsohuwa” take cewa. Matar tana saurare, tana murza tabon yatsanta.

“To ki faɗi sunan kawai, Inna,” in ji mai kwamfuta. “Minti ɗaya ne.”

Matar ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Goggo ta ce ya ɗan fita. Ya fita. Goggo ta matsa kusa ta ce ta raɗa mata a kunne, ba wanda zai ji, ni ma za a kore ni. Matar ta buɗe baki, na ga leɓenta ya motsa, sai ta girgiza kai.

“Ta tsohuwa ce. Tsohuwa za a tambaya.”

Goggo ta ce a kira maigidan. Aka kira, wayar a kashe, yana arewa da shanu tun farkon damina. Tsohuwa ba ta da waya. Aka tambayi matan rumfa, wata ta faɗi wani suna, wata ta ce a'a wannan laƙabi ne, suka fara musu. Duk wannan abin da ake, matar ba ta tashi ba. Ana jiran ta a kasko, an kira ta sau biyu, amma ta zauna nan bakin ƙofa. Can ta ce, ba da kowa take ba, “Da damina yake tashi. Kowace damina.”

Mai kwamfuta ya dawo yana duba agogon waya. Ba mugun mutum ba ne. Ya ce shi ma tsohuwarsa har yau ba ta kiran sunan wansa, ya san abin. Amma ba zai rubuta sunan zato ba, don in ya saɓa da na takarda ranar da aka je gidan likita za a ce ba ita ba ce, gara ma babu. Ya ce a bari sai baɗi, Allah ya ba ta lafiya. Goggo ta ce ko zai ƙara awa ɗaya. Ya ce Madam, mutanen Gidan Rumji sun kira shi sau uku. Goggo ta haƙura, don ta riga ta roƙe shi abubuwa da yawa a kwana huɗun nan.

Ta taga na ga mai amalanke ya gama sauke buhuna, yana ba jakinsa ruwa. Na san fadamar, mun bi ta gefenta ranar kasuwa. Na iya karatu, in tsohuwa ta buɗe mani kwallarta zan gane takardar haihuwa ko da cikin takardu goma ne. Kwana huɗu muna ɗaki ɗaya da mutumin nan ban taɓa ce mashi komai ba sai sunayen da nake karantawa. Ya zauna gaban kwamfutar, ya jawo shafin ƙarshe, wanda ake dannawa a aika.

Na miƙe, kujerar ta faɗi bayana. Duka suka juyo. Muryata ta fito ƙarama, sai da na sake farawa.

“Malam, don Allah ka jira ni. Rugar ba nisa, da amalanke zan je. Kar ka rufe sai na dawo da takardar.”